Busasshen kwanso kaɗai ka samu, ta yaya zaka gane ko wane tsiro ne?

Mai son sanin tsirran daji yana da wata matsala da bata ƙarewa, lokacin da idonsa yake kaiwa kan tsiro daban, lokacin da tsiron yake da fure daban. Fure kwana nawa yake yi, kafin ka waiwayo ya zube, ganye ma ya bushe iska ta kakkaɓe shi, abin da yake daɗewa a jiki shine kwanson iri, wani kwanson sai ya zagayo shekara yana reto a reshe. Shi yasa yawancin tambayar "wai wannan wane tsiro ne" da busasshen kwanso ake zuwa da ita, guda ɗaya tal a tafin hannu, babu ganye babu kara babu bayanin inda aka tsinko shi, kuma ana so a ji suna nan take.

Gaskiyar magana kwanso yana ɗauke da bayani sosai, fiye da yadda mutane suke zato, amma bayanin nasa yana da iyaka. Zai kaika har ƙofar gidan dangin tsiron, wani lokacin ma har tsakar gida, sai dai ba kasafai yake nuna maka takamaimai wanda kazo nema a cikin mutan gidan ba. Kuma kar ka raina hakan fa. Tsirrai masu fure a duniya sun haura nau'i 300,000, a tsarin da masana suka fitar a 2016 an kasa su dangi 416, to idan kwanso ɗaya ya iya fitar da kai daga cikin wannan tulin ya ajiye ka a dangi guda ai yayi maka mafi yawan aikin.

Dalilin da yasa littattafan gane tsirrai suke ba mai kwanso wahala shima yana da tarihi. Wani likita ɗan Italiya, Andrea Cesalpino, tun a 1583 ya gwada kasa tsirrai ta hanyar duba 'ya'yansu da irinsu, amma tsarin da ya samu karɓuwa shine na Carl Linnaeus ɗan Suwidin, wanda ya ɗora komai kan ƙirga sassan fure, kuma daga littafinsa na 1753 aka ɗauko wannan salon suna biyu na Latin da ake amfani dashi har gobe. Daga baya Joseph Gaertner na Jamus ya zauna ya yayyanka 'ya'yan tsirrai ya zana cikinsu, aikin ya fara fita a 1788, amma duk da haka fure ne ya riƙe ragama. Shi yasa zaka buɗe littafi tambaya ta farko ya ce maka furen launinsa me, kai kuma kana riƙe da abu busasshe ƙamas.

To kafin komai ka tabbatar abin da ke hannunka kwanso ne ma tukuna. Akwai ƙullutun da ƙwari suke haddasawa a jikin reshe ko ganye, zagayayye tsaf kamar ɗan itace, ka fasa ka tarar da tsutsa ko ramin da ta fice. Akwai jakar ƙwan ƙoƙi-ƙoƙi da take manne a kara, mutane da yawa suna ɗauka iri ne. In ka fasa babu ƙwaya kuma babu alamar wurin da ƙwaya ta taɓa zama, to ajiye shi, ba aikinmu bane.

In kwanso ne, ka manta da launi. Kusan kowane kwanso ƙarshensa ruwan ƙasa ne ko baƙi-baƙi, kuma girmansa yana bin ruwan da tsiron ya samu a shekarar, uwa ɗaya zata iya baka dogo ta baka gajere. Abin da baya canzawa shine ginin, wato ɗaki nawa ne a ciki, ta ina yake buɗewa, ƙwayar a ina take maƙale. Waɗannan tun a cikin fure aka gama tsara su, don kwanso ba komai bane illa mahaifar furen da ta girma ta bushe, kaga kenan mai karanta kwanso furen da ya wuce yake karantawa bai sani ba. Ka samu reza ka yanka guda ɗaya ta tsakiya a kwance, ka tsaga wani ta tsawonsa, in da gilashin ƙara girma to madalla, in babu kamarar waya ma tana yi in ka matso da ita.

Mu fara da dangin wake tunda su ne suka fi yawa a cikin abin da ake kira kwanso, nau'insu ya doshi 20,000, su ne na uku a yawa cikin masu fure. Nasu ginin mai sauƙi ne, ɗaki ɗaya, ɗinki biyu ɗaya a ciki ɗaya a baya, in ya bushe ya tsage gida biyu. Amma ga inda ya kamata ka tsura ido, ƙwayoyin duk a jikin ɗinki ɗaya suke rataye, layi guda, in ka buɗe a hankali zaka ga ta farko ta bi wannan ɓarin ta biyu ta bi wancan, haka har ƙarshe, ɗaya ɗinkin kuma fayau babu komai a jikinsa. Duk kwanson da ka gani da wannan tsarin ka kama dangin wake da wuya ka faɗi. Sau da yawa ma ɓarin biyun in sun rabu sai kowanne ya murɗe, wannan murɗewar ce take cilla ƙwayar nesa da uwar.

Sai dai 'yan wannan dangin akwai taurin kai, da yawansu sun bar tsarin gidansu. Tsamiya bata tsagewa ko kaɗan. Gawo nasa ja-ja ne mai kauri ya nannaɗe, shima baya buɗewa, dabba ce take ci ta kai masa irin wani wuri. Bagaruwa a wasu nau'ikanta kwanson ya shaƙe tsakanin ƙwaya da ƙwaya har ka iya ƙirga su daga waje, a wasu kuma shaƙewar kaɗan ce. Marga doguwar sanda ce zagayayya wadda take wuce rabin mita, in ka tsaga ka tarar da 'yan bangaye a jere kowace ƙwaya da nata gurbin, sai ka rantse ɗakuna ne da yawa alhali daga baya aka yi su. Biya rana nata a kumbure yake da iska, ka girgiza busasshe kaji yana kacau-kacau. Akwai masu ɓallewa gaɓa-gaɓa kowace gaɓa da ƙwaya ɗaya su manne maka a wando. Madobiya ma da zaka ga abin nata faifai ne zagayayye mai fiffike da tsinke-tsinke a tsakiya, ƙwaya ɗaya ko biyu, ita ma fa 'yar dangin wake ce. A irin wannan halin ƙwayar ce take tona asiri, tana da tauri da santsi, tana da cibiya a gefe inda ta rabu da kwanson, in ka jiƙa ta ka ɓare ta rabu gida biyu. A ɓangaren su bagaruwa da gawo da ɗorawa akwai wani siririn zane a kowace fuskar ƙwayar, ya zagayo kamar harafin U, wanda baka samunsa a ƙwayar wake, kuma ganinsa kaɗai ya rage maka hanya sosai.

Yanzu ga masu yaudara, dogaye sirara waɗanda kowa yake cewa ai wake ne. Zogale ne na gaba-gaba, doguwar tsinkiyar nan tasa ka duba ta da kyau kusurwa uku gareta kuma gida uku take tsagewa, ƙwayar ma fiffike uku ne da ita, babu ɗan dangin wake da yake haka, shi nasa dangin daban ne ƙarami mai nau'i 13 kacal. Sansami da 'yan uwansa kwanson gida biyu yake tsagewa kamar na wake, amma a tsakiya akwai wani abu da ya raba shi, ƙwayoyin kuma falan-falan ne da fiffike mai shara-shara. Dangin kabeji da mastad su kuma ɓarin biyun faɗuwa suke su bar wani siririn zobe a jikin kara da farar fata a tsakiyarsa, ka ɗaga ta a rana haske ya ratsa. Gasaya tana barin irin wannan zoben amma nata babu fatar, kwanson yana kan wani dogon mariƙi, ƙwayar ƙanana a lanƙwashe masu kaushi. Don haka in ka tarar da busasshiyar ciyawa da 'yan zobba sirara a jere a jikin kara kar ka ce komai ya zube babu shaida, zobban su ne shaidar.

Sai masu ɗinki ɗaya, waɗanda ta gefe guda kawai suke tsagewa su wage. Nan dangin tunfafiya suke, kuma suna da alamomi uku da in suka haɗu magana ta ƙare, kwanso tagwaye daga mariƙi ɗaya kowanne ya kalli gefensa, ƙwaya falan-falan da tuntun farin gashi mai sheƙi a kanta, sannan in ka karya ɗanyen reshe mafi yawansu farin ruwa kamar nono ya fito. Kariya haka, fataka haka, ƙwanƙwani haka da dogayen ƙahonninsa. Ita tunfafiya nata kore ne a kumbure, ka matsa kaji iska ce mafi yawa, ainihin gidan ƙwayar yana can tsakiya, wani lokacin ɗaya daga cikin tagwayen baya girma sai ka ga guda ɗaya. Wannan dangi ne da ba'a wasa dashi, da yawansu suna da dafin da yake taɓa zuciya, ruwan kuma in ya shiga ido sai an ji a jiki.

Maganar gashi ta tuna min wani abu da nake ganin mutane suna haɗewa. Ba duk farin kaɗa bane iri ɗaya. Na tunfafiya a kan ƙwayar yake tsiro wuri ɗaya, ka ja shi ya taho da ita. Na auduga ya lulluɓe jikin ƙwayar gaba ɗaya, daga fatarta yake fitowa, sai da ƙarfi ake raba su. Na rimi kuwa daga bangon kwanson yake, ƙwayoyin kwance kawai suke a cikinsa, ka girgiza su zubo. To kafin ka ce "mai auduga ne" ka duba audugar a ina ta kama.

In ka yanka ka ga ɗakuna fiye da ɗaya tun asali, kowanne da bango daga tsakiya zuwa gefe, to ƙirga zaka yi. Biyar, da ragowar koren kofin fure a gindi, wannan ya karkata ga dangin kuɓewa da rama. Riɗi da 'yan uwansa na daji layi huɗu na ƙwaya suke dashi, kwanson a tsaye a hammatar ganye, ta sama yake buɗe baki. Uku kuma kowane ɗaki ƙwaya ɗaya babba, nan ka fara tunanin dangin zurma da bini da zugu, in sun bushe fashewa suke da ƙara su bar wani ɗan ginshiƙi a tsakiya. Maɗaci nasa ƙwallo ne na itace da yake buɗewa yawanci gida huɗu, ƙwayoyin falan-falan a jere kamar an shirya su. Wasu murfi suke dashi ya ɓalle ta sama, wasu 'yan ƙofofi ne a ƙarƙashin hula iska ta kaɗa su ƙwaya ta zubo kaɗan-kaɗan. Masu fiffike ma ƙirga ce, taramniya galibi huɗu, baushe biyu. Ka kuma duba ragowar furen a ina ta maƙale, a gindi wajen mariƙi ko a can ƙarshen kwanson, don wannan ma raba dangi yake, na kuɓewa a gindi, na soso da gwaba a ƙarshe.

Bari in tsaya kan masu ƙaya don anan ake yawan rikicewa kuma anan haɗarin yake. Zaƙami, zurma, da ƙwarƙo, duk ukun kwansonsu ƙaya-ƙaya ne, a hoto mara kyau sai a ɗauka abu ɗaya ne, amma reza tana raba gardama cikin minti ɗaya. Zurma a tsibi take fitowa a kan sanda ɗaya, ɗaki uku ƙwaya uku, kowacce mai sheƙi da zanen ɗigo-ɗigo da wani ɗan farin tsiro a kanta. Zaƙami ɗaiɗai yake fitowa a inda reshe ya rabu, yana da wani faifai a gindi da ya lanƙwasa baya, cikinsa ƙwayoyi ne rututu falan-falan masu siffar ƙoda, wani nau'in kwanson yana tsaye ya tsage gida huɗu tsaf, wani kuma ya sunkuyar da kai ya farfashe yadda yaga dama, kuma wannan tsayuwar ko sunkuyon yana cikin abin da ake raba nau'ikansa dashi. Ƙwarƙo nasa dogo-dogo ne ta sama kawai yake buɗewa, ƙwaya ƙanana baƙaƙe zagayayyu, ruwan jikinsa rawaya. Dangi uku daban-daban kenan. Zurma tana ɗauke da risin, dafin da aka kashe marubucin nan ɗan Bulgeriya Georgi Markov dashi a Landan a 1978. Zaƙami yana gusar da hankali ya sa zuciya gudu kuma yana kisa. Ƙwarƙo kuwa ƙwayarsa kama take da ta mastad, a 1998 a birnin Delhi na Indiya man mastad da aka gauraya da na ƙwarƙo ya kwantar da dubban mutane, wasu gommai suka mutu.

Saboda haka harshe baya cikin kayan aikin nan, ko kusa. Kar ka ɗanɗana, kar ka tauna don kaji ko ɗaci ne, kuma maganar nan ta "ai na ga tsuntsu yana ci" ko "akuya ta ci bata mutu ba" ba hujja bace, cikinsu daban namu daban. Idon zakara ja da baƙin nan mai kyau da yake jan hankalin yara, dafinsa abrin yafi risin ƙarfi, kuma haɗarin yana tashi ne in an tauna ko an huda ƙwayar. Yana da wani sojan gona a dangin nasu, Rhynchosia, shima ja da baƙi, masana suna raba su ne da cibiya, ta idon zakara a cikin baƙin take ta wancan kuma a cikin jan. Hannu ma a kiyaye, kwanson karara gashin jikinsa kaɗai ya isa ya hana mutum barci da ƙaiƙayi. In kuma yaro ya riga ya haɗiyi wata ƙwaya da ba'a sani ba, ba lokacin binciken suna bane, a tafi asibiti, a ɗauki ragowar kwanson da reshen a tafi dasu.

To ka gano dangi, wataƙila har ka gano jinsi, wato ƙaramin rukunin da ke tsakanin dangi da nau'i, amma tsugune bata ƙare ba. Ɗauki tafasa. Kwansonta siriri dogo a lanƙwashe, ƙwaya mai kusurwa, da gani ka san 'yar jinsin Senna ce, kuma baza ka haɗa ta da rai ɗore ba don shi nasa a baje yake da ratsi mai duhu a tsakiya. Amma abin da ake kira tafasa nau'i biyu ne masu kama da juna ainun, Senna obtusifolia da Senna tora, har masana sun daɗe suna cakuɗa su. Ana raba su da wani ɗan tsiro ƙarami da yake tsakanin 'yan ganyen, ta farko galibi ɗaya gareta ta biyu biyu, sai kuma wani tabo a fuskar ƙwayar, siriri a ta farko mai faɗi a ta biyu. Kaga abin ya koma aikin milimita. Kama da wane bata wane. Biya rana jinsinta kaɗai ya kai nau'i wajen 700, da yawansu kwanson iri ɗaya ne a ido. Itatuwan da a da ake tara su duka ƙarƙashin sunan Acacia sun haura nau'i 1,300, aka yi ta rigima a taron masana na birnin Biyana na Ostiriya a 2005 da na birnin Melbon na Ostareliya a 2011, sunan ya tsaya ga na Ostareliya, na Afirka suka koma Vachellia da Senegalia, kuma abin da ya fi saurin raba waɗannan biyun ba kwanso bane, ƙaya ce, su bagaruwa tasu miƙaƙƙiya bibbiyu a gindin ganye, su dakwara tasu gajera mai ƙugiya. Shi yasa in ka ga littafi biyu sun ba itace ɗaya suna daban ba lallai ɗaya yayi kuskure ba, wani tsoho ne wani sabo.

Wannan ne ya kawo mu kan abin da nake ganin shine babban sakacin masu tambaya, su tsinko kwanso su bar shaidu a daji. Lokacin da kake tsaye gaban tsiron komai yana nan kyauta. Itace ne ko ciyawa ko mai yaɗo, tsawonsa ya kai ina, yana da ƙaya, wace iri, ganyen ko busasshe ne ka tsinto shi a ƙasa ka duba guda ne ko mai 'ya'ya, suna fuskantar juna a kara ko suna saɓawa, in ka murza yana da wari, in ka karya me yake fitowa, a bakin ruwa yake ko kan dutse ko gefen hanya, wane wata ne. Ko ganye ya zube tabonsa yana nan a kara, daga tabon zaka san yadda suka jeru. Ka ɗauki hoton tsiron gaba ɗaya, sannan reshe da kwanso a maƙale yadda yake, a tsaye ko a rataye, ɗaya ko a tsibi, sannan kwanson kusa da rula, a rufe da a buɗe, sannan ƙwayar ita kaɗai a kan farar takarda. Ka ɗebi fiye da ɗaya, ɗanye da busasshe, a ambulan na takarda ba leda ba, leda gumi take yi ya yi funfuna. Ka rufe bakin ambulan ɗin don wasu cikin dare suke fashewa. In ka ga 'yan ramuka zagayayyu a jikin ƙwayar wannan aikin ƙwaro ne ba siffar tsiron ba.

Manhajojin waya irinsu Pl@ntNet da iNaturalist da Google Lens suna taimakawa, ban ce basa yi ba, Pl@ntNet ma tana baka damar ka ce mata wannan hoton ɗan itace ne ba fure ba. Amma ka san daga hotunan da mutane suka ɗora suka koya, mutane kuwa fure suka fi ɗauka, kuma hotunan Turai da Amurka sun fi na sauran wurare yawa nesa ba kusa ba. To busasshen kwanso daga wurin da ba'a cika ɗaukar hoto ba sai manhaja ta laluba ta baka sunan wani abu mai kama dashi daga wata nahiya, kuma ta faɗa da ƙwarin gwiwa. Ni yadda nake ganin amfaninta shine ka karɓi sunan a matsayin zato, ka koma ka gwada shi da abin da reza ta nuna maka, in ta ce ɗan wake ne kai kuma ka ƙirga ɗaki uku to ƙaryarta ta sha ƙarya, sannan ka bincika ko tsiron ma yana fitowa a yankin da ka same shi. Sunan da mutanen wuri suka baka shima haka, makiyayi ko mai yawon daji sau da yawa yafi manhaja ido, sai dai suna ɗaya yana iya hawa kan tsirrai biyu uku, tsiro ɗaya kuma ya amsa suna biyar.

Hanyar da tafi kowacce tabbas kuma tafi arha haƙuri take so, ka sa wa wurin alama ka dawo lokacin fure. In wurin yayi nisa to shuka ƙwayar. 'Yan dangin wake fatarsu tauri gareta ruwa baya shiga, sai ka goga ta da fayil ko dutse a gefen da ba cibiya ba har ka ga launi ya canza, ka jiƙa ta kwana, wadda ta kumbura ta shirya. Kar ganye biyun farko su ruɗe ka, na cikin ƙwaya ne, basa kama da na gaske, jira na uku da na huɗu. Ciyawa 'yar shekara cikin 'yan watanni zata baka fure, itace kuwa sai dai ka wadatu da ganye da ƙaya. Amma a tukunya ko gwangwani fa, ba a fili ba, kuma in ka gama ka ƙona abin da baka so, don baka san me ka ɗauko ba. Wata ƙaya mai suna Prosopis juliflora da aka kwaso daga nahiyar Amurka da niyyar alheri don tare hamada, yau a Kenya da Habasha da Indiya ta cinye makiyaya ana neman yadda za'a yi da ita, kuma ta kwanso take yaɗuwa, dabba ta ci ta kasayar da ƙwayar a gaba.

In abin ya gagara akwai ma'ajiyar busassun tsirrai, jami'o'i da yawa suna da ita a sashen nazarin tsirrai, ta lambun Kew a Landan kaɗai tana da samfuri wajen miliyan 7. Can ana ɗora naka kusa da wanda aka riga aka tantance a gwada, shi yasa suke son ka kawo reshe da ka danne a tsakanin jaridu ya bushe a baje, da takardar da ta faɗi inda da ranar da ka tsinko. Akwai kuma gwajin ƙwayoyin gado, a 2009 aka amince da wasu gurabe biyu da ake karantawa, rbcL da matK, amma shima a jinsunan da 'ya'yansu suka yi kusa da juna sau da yawa a jinsi yake tsayawa. Su kansu masanan in samfuri kwanso ne kawai suna rubuta sunan jinsin su bi shi da "sp.", wato nau'in bai tabbata ba, in kuma suna da zato mai ƙarfi su sa "cf." kafin sunan nau'in. A haka ake ajiye takardar, wani lokacin shekaru, sai wani da ya ƙware a wannan jinsin yazo ya duba ya manna 'yar ƙaramar takarda a gefe da sunan da ya gano da kwanan wata, ba'a goge na farkon.